Kurakuran burauza a kwamfutar gida

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome ta kamfanin Google da ta fito a 2008, da Firefox ta Mozilla da ta fito a 2004, da Safari ta Apple, da Edge ta Microsoft, wadda ta gaji Internet Explorer da aka daina tallafa wa ranar 15 ga Yuni, 2022. Kuskuren burauza kuwa shi ne saƙon da take nunawa a madadin shafin da aka nema. Akan ɗora mata laifin, alhali sau da yawa labari kawai ta kawo. Kafin shafi ya bayyana, buƙatar mai nema sai ta bar kwamfuta, ta bi ta rauta ko MiFi (na'urorin da ke raba intanet a gida) ko wayar da ke raba data, ta ratsa kamfanin sadarwa, a nemo adireshin shafin a tsarin DNS, sannan ta isa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Saƙon da ke kan allo yakan faɗi inda tafiyar ta tsaya. Saboda haka gyara yana farawa ne daga karanta shi, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa.

Gano mai laifi

Gwaji biyu ne ke rage yawan zato. A buɗe wani shafin daban: idan ya buɗu, intanet ɗin gidan lafiya yake. Sai kuma a gwada shafin da ya ƙi a waya, da datarta ba da Wi-Fi na gida ba. Idan can ma ya ƙi, matsalar tana wajen masu shafin, babu abin da za a taɓa a kwamfutar.

Lambobin kuskure masu alƙaluma uku da burauza kan nuna daga sabar suke fitowa, wato ganinsu kaɗai shaida ce cewa layi na aiki. Waɗanda suka fara da 4 suna nuni ga buƙatar da aka aika: 404 na nufin babu shafin a wannan adireshin, ko an cire shi ko an yi kuskuren rubutu, 403 na nufin an hana shiga. Waɗanda suka fara da 5, kamar 500 da 502 da 503 da 504, na sabar ne, maganinsu haƙuri. Masu cike fom na makaranta ko na neman aiki a ranar rufewa sun san 503 da 504, domin cunkoso ne ya fi kawo su.

Wani lokaci ɓarnar tana nesa ƙwarai. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu, har hada-hadar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama.

Layi da DNS

ERR_INTERNET_DISCONNECTED na nufin kwamfutar ba ta haɗe da komai. A duba Wi-Fi, a duba ko data ta ƙare, a kashe rauta na kamar rabin minti a sake kunnawa. ERR_CONNECTION_TIMED_OUT kuma na nufin an aika buƙata an gaji da jiran amsa.

Kuskuren DNS ya fi rikitarwa, domin alamar Wi-Fi tana nan cike amma shafi ya ƙi. DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshi, kamar yadda ake taɓa suna a waya ita kuma ta kira lamba. Idan ya gaza sai a ga DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED. A fara tabbatar da rubutun sunan. Idan daidai yake, a Windows ana buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta ipconfig /flushdns don share tsofaffin adireshin da kwamfutar ta haddace. In abin ya ci gaba, ana iya sauya sabar DNS ta kamfanin sadarwa da ta jama'a, kamar 8.8.8.8 ta Google ko 1.1.1.1 ta Cloudflare.

Gargaɗin tsaro da agogon kwamfuta

Wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar natsuwa. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma tana auna ranakun da agogon kwamfutar. Idan agogon ya koma baya da shekaru, takarda mai kyau sai ta zama kamar lokacinta bai yi ba, sai Chrome ta nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID a kusan kowane shafi. Abin da ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta ɗan batir ne mai kama da kwabo a jikin babban allonta na ciki, galibi samfurin CR2032. Kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwanninmu da yawa sun zo da nasu a gajiye. Alamarsa ita ce kwanan wata ya riƙa ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Saita agogo yana warware matsalar ta ranar, sauya batirin ke kashe ta baki ɗaya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Abin takaici ne a ga an goge kwamfuta gaba ɗaya, hotuna da takardun shekaru sun tafi, saboda batirin da bai kai girman murfin kwalba ba.

Tsufan manhaja ma na kawo irin wannan gargaɗi. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wata babbar takardar shaida ta tushe mai suna DST Root CA X3, wadda shafuka masu amfani da Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka takardun shaida, suka dogara da ita, ta ƙare, na'urorin da suka daɗe ba a sabunta su ba suka fara ƙin shafuka lafiyayyu. Firefox ta tsira a kan irin waɗannan na'urori saboda tana tafe da jerin takardunta na kanta. Chrome 109 ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8.1, don haka mai irin wannan kwamfuta zai ƙara yawan cin karo da shafukan da ba sa buɗuwa daidai.

Idan agogo daidai yake, manhaja sabuwa ce, kuma shafi ɗaya tak ke ba da gargaɗin, to a ɗauke shi da gaske. Kada a tsallake shi a shigar da kalmar sirri ko lambar katin banki.

Idan laifin na burauzar ne

Burauza tana adana kwafin hotuna da fayilolin shafi don saurin buɗewa, tana kuma adana kukis, ƙananan bayanan da shafi ke gane mai shiga da su. Idan kwafin ya tsufa shafi yakan fito a wargaje; Ctrl da F5 suna tilasta ɗauko sabo. Gurɓatattun kukis sukan jawo ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce tagar sirri, Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, ko Ctrl da Shift da P a Firefox, domin tana buɗewa ba tare da tsofaffin kukis ba, kuma galibin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza ba sa aiki a cikinta. Idan shafin ya buɗu a can, sai a goge kukis na wannan shafin kaɗai, ko a kashe ƙananan manhajojin ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Goge kukis duka yana fitar da mutum daga dukkan asusunsa, don haka a tabbatar ana tune da kalmomin sirri tukuna.

Daskarewa ko mutuwar shafi a tsakiyar aiki yawanci ƙarancin ƙwaƙwalwar RAM ne, musamman a kwamfuta mai gigabait 4 da aka buɗe wa shafuka da yawa. Shift da Esc a Chrome suna nuna wanda ya fi ci.

Akwai kuma saƙon da ba kuskure ba ne sam: shafi ya cika allo, wani lokaci har da ƙara, yana cewa kwamfutar ta kamu da ƙwayar cuta, a kira wata lamba ko a sauke wata manhaja. Damfara ce. Microsoft da Google ba sa sanya lambar waya a saƙon kuskure. A rufe tagar da Alt da F4, idan ta ƙi a buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, da Ctrl da Shift da Esc a kashe burauzar daga can, kuma idan an sake buɗe ta kada a yarda ta dawo da shafukan baya.