Tawakkali idan aljihu ya bushe: tambayoyi da amsoshi

Ina yin salla ina addu'a, amma damuwar kuɗi tana hana ni barci. Imanina ne ya yi rauni?

Ba lallai ba. Mutumin da ya kwanta ƙarfe biyun dare ido biyu, yana lissafin kuɗin haya da na makarantar yara, ya haɗa ya cire, ya sake haɗawa lissafin ya ƙi fita, ɗan Adam ne kawai. Allah da kansa ya ce a aya ta 155 ta Suratul Baƙara zai jarraba mu da wani abu na tsoro da yunwa da tauyewar dukiya. Ai jarrabawar da ba a jin zafinta ba ta cika jarrabawa ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Abin gudu shi ne damuwar ta kai ka ga ɗebe tsammani, ko ta ja ka ga haram.

To mene ne tawakkalin?

Zuciya ta jingina ga Allah, hannu da ƙafa kuma su tashi nema. Mutane suna son hadisin nan na Tirmizi da ke cewa da muna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da ya azurta mu kamar yadda yake azurta tsuntsaye. Amma sai su manta ƙarshensa: suna fita da safe cikinsu a fafake, su dawo da yamma a ƙoshe. Fita suke yi, babu wanda aka kai wa hatsi cikin sheƙa.

Dubi Nana Maryam a lokacin naƙuda, a galabaice, aka ce mata ta girgiza kututturen dabino. Ƙato ma da wuya ya motsa kututturen dabino, balle mai haihuwa, amma dai aka ce ta kai hannu. Dubi Nana Hajara, sau bakwai tana kai da komo tsakanin Safa da Marwa, ruwan kuma bai fito a kan ko ɗaya daga duwatsun ba, sai can wurin da ta ajiye jaririnta. A ganina nan ne asirin yake: an umarce ka da nema, amma ba a yi maka alkawarin cewa ta ƙofar da ka buga za a buɗe ba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce Allah zai azurta mai tsoronsa “ta inda bai zata ba”.

Yin tanadi da tsara kashe kuɗi ba rashin yarda da Allah ba ne?

A'a. Annabi Yusuf shekara bakwai ya ce a yi ana ajiye hatsi cikin zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Akwai kuma wasu mutanen Yaman da suke zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Baƙara.

Bashi ya yi mini katutu. Zan iya neman taimako, ko in yi shiru in bar wa Allah?

Je ka sami mai bin ka, ka faɗa masa gaskiya. Kashe waya da canza hanya idan ka hango shi ba ya cikin tawakkali. Aya ta 280 ta Baƙara ta umarci mai bin bashi ya yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri har ya samu sauƙi, aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa masu bashi cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Haƙƙinka ne, ba abin kunya ba. Idan kuma da sauran ƙarfinka, ka tuna Abdurrahman bin Auf. Ya iso Madina bayan Hijira a shekarar 622 hannu rabbana, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa.

Na yi nema, na yi addu'a, shekaru suna tafiya babu canji. Fushi Allah yake da ni?

Wannan ce tambayar da ta fi ciwo, kuma masu saurin amsa ta sukan ƙara wa mutum gishiri a gyambo. Yawan dukiya ba shaidar yardar Allah ba ne, Ƙaruna ma ya tara. Nana A'isha ta ce sukan ga jinjirin wata sau uku cikin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba. Aka tambaye ta da me suke rayuwa, ta ce dabino da ruwa, sai ɗan nonon da maƙwabta Ansar ke aiko musu. Ranar da Annabi (SAW) ya bar duniya, sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa.