Zafin bazara da baƙin gilashin mota: abin da doka ta hana da abin da ta bari

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, motar da ta yi awa biyu a rana ba ta shiguwa. Sitiyari ba ya taɓuwa, ƙarfen bel yana ƙuna, kujera kuwa sai an shimfiɗa mata wani abu kafin a zauna. A wannan lokacin ne kasuwar masu manna baƙar leda a gilashi ke buɗewa. Za ka ga yaron shago ya fesa ruwan sabulu a jikin gilashin, ya ɗora ledar, ya bi ta da ɗan katin roba yana korar kumfar iska zuwa gefe, sannan ya datse bakin da reza. Kafin la'asar mota ta fito fes, mai ita yana murna. Abin da ba a cika gaya masa a shagon ba shi ne akwai dokar tarayya a kan wannan aiki, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba, har da yaron da ya riƙe rezar.

Dokar ba sabuwa ba ce. Dokar soja ce mai lamba 6 ta shekarar 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya bar irin waɗannan dokoki da aka gada su ci gaba da aiki tamkar Majalisar Tarayya ce ta yi su. Shi ya sa take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, a babi na M21. Gajera ce ƙwarai, mutum zai karance ta kafin shayinsa ya huce.

Sashenta na farko ya hana kowa ya sa a rina gilashin mota, ko a yi masa launi, mai kauri ne ko mara kauri, ko a duhunta shi, ko a yi masa wani aiki kowane iri da zai sa mutane ko kayan da ke cikin motar su daina ganuwa sosai ko su ɓace wa ido gaba ɗaya. A nan ne zuciyar dokar take. Ba ruwanta da sunan ledar da ka saya, ko kuɗinta, ko dalilin da ya kai ka shagon. Abin da ta damu da shi ɗaya ne: wanda ke tsaye a waje, yana ganin na ciki? Ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ke aiki da su, su ma haka suka ce, gilashin mota ya zama garau yadda na waje zai ga na ciki.

Ƙofa ɗaya dokar ta bari a buɗe. Ana iya sa gilashi mai duhu idan Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ko wanda ya wakilta, ya ba da izini, kuma sai da dalili mai ƙarfi. Dokar da kanta ta fayyace dalilan da take nufi, guda biyu ne: lafiya ko tsaro.

To zafi fa? Wannan ce tambayar da ta fi damun mutumin arewa, kuma amsarta ba mai daɗi ba ce. Ba a ambaci zafin rana a dokar ba. Wanda ke da lalurar da hasken rana ke tsananta ta, kamar zabiya, ko mai wata cutar fata ko ta ido, yana da hujjar da zai kai, musamman in yana riƙe da takardar likita. Amma wanda kawai yake so yaransa su daina jiƙewa da gumi a hanyar makaranta, zai yi wuya ya ce ya shiga ƙarƙashin dalilin lafiya. Haka nan magidancin da ya sa baƙin gilashi don sutura, ba ya son kowa ya riƙa leƙen iyalinsa a cunkoson titi. A al'adarmu wannan dalili ne mai nauyi, ni ma ina ganin nauyinsa, amma dokar 1991 ba ta san da shi ba.

Laifin bai tsaya kan mai mota ba. Wanda ya yi aikin da hannunsa, da wanda ya taimaka, da wanda ya ba da shawara ko ya sa aka yi, duk dokar ta haɗa su. In kamfani ne ya aikata, shugabanninsa ne za su amsa. Hukuncin shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. A 1991 naira 2,000 kuɗi ne na gaske, yau kuwa ba ta sayen litar mai uku. Wata shidan ne bai tsufa ba. Sai dai a riƙe wannan da kyau: tara da ɗauri hukuncin kotu ne. Jami'in da ya tsayar da kai a shingen bincike yana iya tambayar takardarka, yana iya kai maganar gaba in ba ka da ita, amma ba shi da hurumin yanka maka tara a bakin titi ya karɓa a hannu. Duk abin da aka miƙa a wurin sunansa na goro, ba ya shiga asusun gwamnati, kuma ba ya hana a sake tare ka a shinge na gaba.

Inda rigima ta fi yawa shi ne motocin da suka zo da duhunsu daga kamfani. Yawancin Sienna da Highlander da ake shigowa da su daga Amurka, gilasansu na baya masu duhu ne tun daga masana'anta. Duhun a cikin jikin gilashin yake, ba leda ba ce balle a ɓare. Mai irin wannan mota zai ce, ni me na yi? Dokar ta riga ta tanadi amsa, kuma mai tsauri ce. Ta ɗora wa wanda ya sayi mota mai duhun gilashi, ko aka ba shi kyauta, ko ya shigo da ita ƙasar, nauyin canza gilasan cikin kwana 14 daga ranar da ta iso Najeriya ko ranar da ya saye ta. Ke nan a idon doka zaɓi biyu gare shi, ya canza gilashi ko ya nemi izini. Duk wanda ya san kuɗin gilashin irin waɗannan motoci a yau ya san ba kowa zai bi hanyar farko ba. Wannan ya sa takardar izini ta zama abin da dubban mutanen da ba su taɓa zuwa shagon manna leda ba suke buƙata.

Ita kuma takardar ta sha kwan-gaba-kwan-baya. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da ita saboda matsalar tsaro. A 2025, ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, aka dawo da ita ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP. Mutum ya cike bayanansa da lambar NIN da takardun motar, ya biya kuɗi, sannan ya je ofishin 'yan sanda a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma izinin na sabuntawa ne duk shekara. An ɗaga wa'adin fara kame zuwa 12 ga Agusta, aka sake ɗagawa zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, tana cewa tsarin ya taɓa 'yancin sirri da na walwala da na mallakar dukiya, kuma dokar ba ta yi maganar karɓar kuɗi duk shekara ba. Babbar Kotun Tarayya da ke Warri ta ba da umarnin kowa ya tsaya inda yake, 'yan sanda suka dakatar da kamen. Sun sa ranar 2 ga Janairun 2026 don ci gaba, wani umarnin kotu ya sake tsayar da su.

Hujjar 'yan sanda ba ta banza ba ce. Masu garkuwa da mutane da 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja su yi masa ƙwace a cikin mota suna amfani da baƙin gilashi, kuma wanda aka danne a kujerar baya ba shi da mai ganinsa. Lauyoyin ma suna da tasu gaskiyar, don ɗan fashi ba ya zuwa a ɗauki zanen yatsunsa, mai bin doka ne ke biya. Abin da ya kamata mai mota ya fahimta shi ne dakatar da kame daban, soke doka daban. Sanarwar 'yan sanda ba ta goge doka daga kundi. Wannan aikin majalisa ne, ko kotu in ta ce dokar ta ci karo da tsarin mulki.

A ganina babban giɓin dokar shi ne rashin ma'auni. Ta ce kada na ciki ya daina ganuwa, amma ba ta faɗi yawan hasken da ya kamata ya ratsa gilashi ba. Abin da jami'i ɗaya ya gani da tsakar rana ya ce ba komai, wani zai gan shi da magariba ya ce ya yi duhu. A Ingila ba haka ake yi ba. Ga motocin da suka fara hawa titi daga 1 ga Afrilun 1985, dole gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 cikin 100 na haske ya wuce, gilasan gefen direba da na mai zaman gaba kuma kashi 70. Gilasan baya babu ƙa'ida a kansu. Jami'i yana da 'yar na'urar da zai maƙala a gilashi ta nuna lamba, magana ta ƙare. Su abin da suka sa a gaba shi ne direba ya ga hanya, mu kuwa tsaro ne, don haka lambarmu ba lalle ta zama irin tasu ba. Amma a samu lambar. Muddin ido ne alƙali, gardama a shinge ba za ta ƙare ba, kuma a cikin gardamar ne na goro ke samun wurin shiga.

Kafin majalisa ta waiwayi wannan, akwai abubuwa da dama da dokar ba ta hana ba, kuma wasunsu sun fi baƙar leda maganin zafi. Kusan rabin ƙarfin hasken rana yana zuwa ne a wani nau'i da ido ba ya gani, sai dai fata ta ji shi a matsayin zafi. Baƙar leda mai araha ta fi tare hasken da ido ke gani. Tana shan zafin, gilashin ya ɗau ɗumi, ya mayar da wani kaso cikin motar. Don haka duhu ba shi ne sanyi ba. Akwai leda mai inganci, irin wadda ake kira ta siramik, da ke rage zafin sosai alhali gilashi na nan garau. Ta fi tsada, amma in dai na waje yana ganin na ciki sarai, ba ta faɗa cikin abin da sashe na farko ya siffanta ba.

Sannan mafi yawan zafin da ke gasa mota yana taruwa ne lokacin da take ajiye, kuma ta gilashin gaba ya fi shiga, shi ne mafi faɗi kuma a kishingiɗe yake yana kallon sama. Turawan da ke jan ƙaramar tirela mai ɗaki a bayan mota suna zuwa hutu sun daɗe da gano dabarar. In sun yada zango, sai su rufe tagogin da ke fuskantar rana da wani mayafi mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ke mayar da haske inda ya fito. Sun kuma lura cewa rufewa ta waje ta fi ta ciki, don wanda ke waje yana tare ranar tun kafin ta taɓa gilashi, na ciki kuwa sai bayan zafin ya riga ya shigo. Wannan mayafi mai ƙyalli ana sayar da irinsa a shagunan kayan mota a nan, mai naɗewa. In babu, farin kwali ko farin zane ma yana taimakawa. Abu ne da ake ɗorawa a motar da ke tsaye a cire in za a tashi, ba a yi wa gilashin komai ba.

Labule da baƙar ragar da ake maƙalawa a tagar baya suna da ɗan sarƙaƙiya. Kalmomin dokar a kan gilashi suke, labule kuwa ba gilashi ba ne. Amma manufarta a ga na ciki, kuma labulen da aka ja ana tafiya yana rufe mutum fiye da leda. Jami'in da ke shinge zai ɗauke shi abu ɗaya da baƙin gilashi. Shawarata a bar shi don lokacin da aka tsaya. In jariri ne rana ke duka a kujerar baya, a sa ƙaramar raga mai haske a tagar da ke gefensa kawai, a kuma zuge ta in an doshi shinge.

Wanda zai je shago a bazarar nan, ya ce a nuna masa mai haske tukuna, kada ya bari a zaɓar masa mafi duhu don ita ce ke kan gaba a kanta. A manna guntu a taga ɗaya, wani ya shiga ya zauna, shi kuma ya ja da baya taku biyar ya duba ko yana gane fuskarsa. Ya sake gwadawa a inuwa, don ledar da ta yi garau a rana takan yi duhu in haske ya ragu, kuma da ita zai riƙa duba madubin gefe in dare ya yi masa a hanya. Mai sayen mota kuma ya leƙa gilasan baya kafin ya biya kuɗi, saboda kwana 14 ɗin daga ranar ciniki suke fara ƙirguwa.