Waiwaye: Yadda jinin kifin redband ya fara gaurayuwa tun kafin a gina madatsun ruwa

Tun da aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu na kogin Klamath a 2024, muhawara ta sake zafi a yammacin Amurka. Masu kamun kifi da ƙabilun asali na murna, manoman rani na fargabar makomar ruwansu, wasu kuma sun juya kan madatsu huɗu na ƙasan kogin Snake suna cewa saura su. Duk wanda ya buɗe baki, zancen siminti yake yi. Ni kuwa ina ganin ciwon kifin redband ya girmi simintin nan.

Kifi ne mai jan ɗamara a gefen jiki, ɗan asalin rafukan da ke gabas da tsaunukan Cascade, a jihohin Oregon, Idaho, Washington, Nevada, Montana da arewacin Kalifoniya. Ƙasa ce mai kama da hamada, rafi yakan ƙafe da rani ya bar 'yan kududdufai, amma redband ya saba, yana jure ɗumin ruwan da zai kashe 'yan uwansa na gaɓar teku. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna yana zaune a kusan kashi 42 cikin 100 kawai na rafukan da yake ciki a da.

Labarin madatsun sananne ne. Copco a 1918, Owyhee a 1932, Grand Coulee a farkon shekarun 1940, sai Hells Canyon a 1967, kowace ta datse hanya. Shanu sun tattake bakin rafuka, an janye ruwa zuwa gonaki. A 1997 aka nemi a sa redband na yankin Great Basin, busasshen yankin da rafukansa ba sa kaiwa teku, cikin halittun da dokar Amurka ta 1973 ke karewa daga ƙarewa, a 2000 aka ce bai kai ga haka ba.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru a bakin kogin McCloud na Kalifoniya. A 1872 aka kafa gidan ƙyanƙyasar kifi a wurin, da farko don salmon. Daga 1879 aka shiga kiwon kifin bakan-gizo (rainbow trout), wanda redband reshe ne na jinsinsa, ana tatsar ƙwansa, ana zuba na masu zuwa teku da na mazauna rafi a mazubi ɗaya, ana shirya ƙwan cikin akwatuna da ƙanƙara, jirgin ƙasa na kai su nesa. Niyyar mai kyau ce: a cika koguna da abinci. A tunanin wancan zamani kifi kifi ne, ba ruwan kowa da wane rafi ya haife shi. Gidan ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Shasta, amma dabarar da ya koyar ta bazu ko'ina. Shekara da shekaru ana juye kifin gidan ƙyanƙyasa a rafukan redband, a gwangwanayen madara bisa alfadarai, daga baya a tankunan mota, har ta jirgin sama.

Da yake jinsinsu ɗaya, sai suka yi ta barbara. Aka sami 'yan ruwa biyu, ga jan ɗamarar a jiki, amma gadon ya tsinke. Wannan shi ne ya fi damuna, domin ɓarna ce da ido ba ya gani. Mai fatsa zai ciro kifi ya yi murna, bai san abin da rafin ya rasa ba. Dubi kogin Metolius na Oregon. A yankin kogin Deschutes, wanda Metolius ke malala cikinsa, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Ceratonova shasta mai cin hanjin kifi. Redband na gida ya daɗe da ita, jikinsa ya iya ta, baƙon kuwa mutuwa yake yi, kuma an gano gaurayen Metolius ba su kai na asali juriya ba. Da aka daina zuba baƙo a kogin a 1996, sai gurabun ƙwan na gida suka riƙa ƙaruwa a kan tsakuwa.

An ɗan gyara. Idaho ta koma sakin kifin da aka mayar bakarare, kuma a 2014 jihohi da hukumomi da ƙabilu suka sa hannu kan yarjejeniyar kare redband a duk inda yake. Sai dai madatsa ana iya rushe ta cikin shekara guda, jinin da ya gauraya kuwa ba mai tace shi.

Tsantsar irin ya rage ne a wuraren da hanya ba ta kai ba, kamar Sheepheaven, ɗan rafi kusa da dutsen Shasta wanda ruwansa ke gudu kaɗan ya nutse cikin ƙasa, bai haɗu da kowane kogi ba. Lokacin farin da ya addabi Kalifoniya a 2014, ma'aikata sun bi kududdufansa da raga da bokiti suna kwashe kifin, suka ajiye su a gidan ƙyanƙyasa na Mount Shasta, a tankuna daban, har ruwa ya dawo.