Furosemide

Furosemide, wanda aka fi sani da sunansa na kasuwa Lasix, magani ne mai sa yawan fitsari. Ana ba da shi ga wanda ruwa ya taru a jikinsa har ƙafafu suka kumbura ko numfashi ya yi masa wuya. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Tarihi

Kamfanin Hoechst na Jamus ne ya haɗa shi, aka yi masa rajista a 1959, sannan aka fara bai wa marasa lafiya wajen 1964. Kafin wannan, likitoci sun daɗe suna fitar da ruwan jiki da allurai masu ɗauke da zaiba, waɗanda ke da guba. Magungunan sa fitsari da ake kira thiazide, waɗanda suka fito a ƙarshen shekarun 1950, sun kawo sauƙi, amma ƙarfinsu yakan gaza idan ƙoda ta raunana. Furosemide ya cike wannan giɓi, kuma ba ƙaramin ceto ya yi wa masu ciwon zuciya ba. Wasu na cewa an ciro sunan Lasix daga kalmomin Turanci masu nuna cewa aikinsa yana kai awa 6.

Yadda yake aiki

A cikin ƙoda akwai wani ƙaramin bututu mai lanƙwasa, wanda masanin Jamus Jakob Henle ya bayyana a 1862. A nan ƙoda ke mayar da gishiri cikin jini. Maganin yana tare wannan hanya, sai gishirin ya bi fitsari, ruwa kuma ya bi shi. Ƙwayar takan fara aiki cikin awa guda, allurar jijiya kuwa cikin minti 5. Shi ya sa akan ce a sha da safe, don kada fitsari ya hana barci.

Amfani

Kumburi daga ciwon zuciya, hanta ko ƙoda, da taruwar ruwa a huhu. Wani lokaci hawan jini.

Illoli

Yakan rage sinadarin fotashiyam a jini, abin da ke kawo kasala, ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya. Akwai kuma jiri da bushewar jiki, musamman lokacin zafi. Allura mai yawa da aka tura da sauri tana iya lahanta jin kunne. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi, domin yana ɓoye wasu ƙwayoyin a gwajin fitsari. Ana gardama kan bai wa dawakin tsere shi a Amurka.