Adireshin IP na kanka: tambayoyin mai ƙaramin kamfanin intanet a Maradi

Da yawa daga cikin masu raba intanet a Maradi da eriya ɗaya suka fara a kan soro, suna sayar da tikitin wifi ga matasan unguwa. Yau wani yana da gidaje da shaguna fiye da ɗari biyu, daga unguwar Ali Ɗan Sofo har unguwar Zariya. Daidai wannan gaɓar ce wani zai raɗa masa cewa in bai sayi adireshin IP na kansa ba, bai zama kamfani ba tukuna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan wannan.

Mene ne ake saye ɗin ma?

Duk na'urar da ke magana a intanet tana da lamba, ita ce adireshin IP. Tsohon tsarin, IPv4, lambobinsa biliyan 4.3 ne kacal, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8. Ba a sayen su ɗaiɗai, ƙunshi-ƙunshi ake yi. Ƙunshin /24 lambobi 256 ne, /23 kuwa 512, /22 kuma 1,024. Ka riƙe /24 ɗin nan, domin shi ne mafi ƙanƙanta da manyan hanyoyin intanet ke karɓa in ka sanar da shi, wato ka shaida musu cewa ta wajenka ake isa ga lambobin. Wanda ya ce zai sayar maka da lambobi 64 su zama naka ka tafi da su inda kake so, ko bai san aikin ba ko ya san ba ka sani ba.

Abin da kuɗinka ke sayowa shi ne a sauya suna a rajista, a rubuta sunan kamfaninka a matsayin mai haƙƙin amfani da lambobin. Ba'amaradi ya san wannan a cinikin fili: an nuna maka kango, ka biya, amma in takarda ba ta koma sunanka ba, ka sayi shari'a ne.

Me ya sa abin da a da ake bayarwa kusan kyauta ya koma na kuɗi?

Ƙarewa ya yi. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai riƙe da babban rumbun lambobin duniya, ta raba manyan ƙunsoshi biyar na ƙarshe ga hukumomin rajista biyar na duniya: ARIN ta Amurka ta Arewa, RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya, LACNIC ta Latin Amurka, sai tamu AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Moris. A wannan shekarar Microsoft ya sayi lambobi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dalar Amurka miliyan 7.5, wato kowace lamba dala 11.25. Tun daga ranar aka gane cewa lamba ta zama haja. Wajen 2021 zuwa 2022 farashi ya haura dala 50 kowace, daga baya ya sauko. (Na ce dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba, kada wani ya yi murna da wuri.)

A yi lissafi a kan misali. In dillali ya ce dala 30, /24 ɗaya ya kama dala 7,680. In aka ɗauki dala a sefa 600, kuɗin ya wuce miliyan huɗu da rabi, ba a sa la'adar dillali da kuɗin rajista ba. Wannan kuɗin zai sayi batura da faifan sola da za su riƙe maka eriyoyi in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, kuma kwastomomi sun fi jin zafin wannan.

To dole ne sai na bi ta kasuwa?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Ƙofar farko ga kamfanin da ke Nijar ita ce AFRINIC kanta. Ita ce ta ƙarshe cikin biyar ɗin da rumbunta ya yi ƙasa, kuma tun 13 ga Janairu 2020 take rabo da ma'auni: mafi ƙaranci /24, mafi yawa /22 a buƙata ɗaya. Ba sayarwa take yi ba. Mamba kake zama, ka biya kuɗin shiga da na shekara-shekara da dalar Amurka, gwargwadon girman abin da ka riƙe. Za ta nemi takardun rajistar kamfani, da izinin ba da intanet, wanda a nan ARCEP, hukumar sa ido kan sadarwa, ce ke kula da shi, da yarjejeniyarka da wanda ke ba ka layi, da bayanin yadda za ka raba lambobin. In ka dawo neman ƙari, sai ka nuna ka cinye kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ba ka a baya.

Maganar izini ita ce ke tsayar da mafi yawa. Mai wifi da bai da takarda ba shi da abin da zai kai AFRINIC, kuma ko a kasuwa ya saya, sauya sunan ta hannunta zai bi.

Sai dai ka shiga da haƙuri. AFRINIC ta sha rikicin kotu da kamfanin Cloud Innovation, har aka rufe asusunta na banki a 2021, aka ɗora mata mai riƙon ƙwarya na kotu a 2023, ta yi shekaru ba ta da majalisar gudanarwa sai a 2025 aka yi zaɓe. Masu neman lambobi sun sha jira a lokacin.

Dillali a Turai ya ce yana da /24 a shirye. In tura kuɗi?

Tambaye shi tukuna a wace hukuma lambobin suke. An daɗe AFRINIC na matsayin ita kaɗai cikin biyar ɗin da ba ta da hanyar shigo da lambobi daga rajistar wani yanki, sai dai mamba ya miƙa wa mamba a cikin Afirka. Saboda haka kafin sisi ya fita, karanta dokar miƙa lambobi da ke aiki a shafinta a ranar da za ka yi cinikin, ka kuma rubuta musu ka ji daga bakinsu.

Sannan ka binciki hajar kamar yadda ake duba haƙoran rago. Duba WHOIS, rajistar da kowa ke iya bincikawa a intanet, ka ga ko sunan mai sayarwa ne a kai. A 2019 an bankaɗo cewa an karkatar da lambobin AFRINIC kimanin miliyan 4 ta hanyar taɓa rajista daga cikin gida, da yawansu na tsofaffin kamfanonin Afirka ta Kudu ne, aka kai su kasuwa. Wanda ya sayi irin waɗannan, ranar da aka ƙwace ba mai mayar masa da kuɗi. Duba kuma ko lambobin suna jerin baƙin littafin Spamhaus, ƙungiyar da ke bin sawun masu aika saƙonnin banza, domin ƙunshin da aka yi shekaru ana aika saƙonnin damfara da shi, wasiƙun kwastomominka ba za su isa ba. Kuɗi kuma a ajiye su hannun amintacce na uku, kada a saki sai sunanka ya fito a rajista.

Akwai wata ƴar matsala da ke biyo baya: shafuka kan ɗauki makonni suna ganin kwastomanka na Maradi kamar yana Holan ko Amurka, sai ka bi kamfanonin da ke nuna ƙasar da kowace lamba take ɗaya bayan ɗaya su gyara.

Haya fa?

Akwai ta, ana biya wata-wata, yawanci ƙasa da dala ɗaya kowace lamba. Mai su zai ba ka wasiƙar izinin sanarwa ka kai wa mai ba ka layi. Tana da amfani ga mai gwaji, amma ɗan haya ɗan haya ne: ranar da mai gida ya ce tashi, sai ka bi duk kwastoman da ka ba lamba tsayayya ka canza masa.

In na samu lambobin, shi ke nan sun fara aiki?

Ina! Kana buƙatar lambar ASN, wato lambar shaidar hanyar sadarwarka, ita ma daga AFRINIC, da na'urar da ke jin BGP, yaren da kamfanonin intanet ke sanar da juna lambobinsu da shi. MikroTik ɗin nan, akwatin raba layi da yawancinmu ke amfani da shi yana iyawa. Abu mafi nauyi shi ne mai ba ka layi ya yarda ya yi BGP da kai. Ko Niger Telecoms ne, ko Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani, tambayi wannan a rubuce kafin ka kashe ko jika ɗaya, kuma layin kamfani ake yi wa haka, ba na gida ba. Kwanon Starlink na gida da ake gani a kan soraye yanzu ba ya sanar da lambobinka. Ka kuma yi rajistar ROA a tsarin RPKI, shaidar da ke cewa ASN ɗinka ce kaɗai ke da izinin sanar da ƙunshin, don kada wani ya sanar da shi a wata ƙasa.

Riba ta gaskiya tana zuwa ne ranar da kake da layi biyu daga kamfani biyu. Zaren fiba ya tsinke tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi, sai zirga-zirgarka ta koma ta ɗayan, lambobin kwastomomi ba su canza ba. Mai layi ɗaya bai cika samun wannan ba.

Kwastomomina 300 ne. Lambobi nawa nake buƙata?

Ƙasa da yadda kake zato. Da dabarar da ake kira CGNAT, gidaje da dama na fita intanet ta lamba ɗaya, a ciki kuma kana ba su daga 100.64.0.0/10 da aka ware don wannan aikin tun 2012. Mai WhatsApp da TikTok ba zai taɓa sani ba. Wanda zai sani shi ne Alhajin da ke son ganin kyamarar shagonsa na babbar kasuwa yana Kano ko Dubai, da asibiti ko makaranta mai sabar kanta. Su ne za ka ware wa lamba tsayayya, ka ƙara musu kuɗi a wata. In ka cusa mutane da yawa a lamba ɗaya, Google zai fara tambayar su ko mutane ne, kuma wajibi ne ka riƙa adana bayanin wa ya fita da wace lamba a wane lokaci, saboda ranar da hukuma za ta zo da tambaya. Ga mai kwastoma 300, /24 ɗaya ya isa har da saura.

IPv6 da ake ta faɗa, ba hayaniya ba ce?

Shi ne sabon tsarin, mai lambobi masu ɗimbin yawa, kuma a ganina shi ya kamata ka fara nema. Kamfanin intanet na samun /32 daga AFRINIC, wanda ke ɗauke da ƙunshin /48 guda 65,536, kowane gida nasa. Google da YouTube da Facebook duk suna kan IPv6 tun 2012, kuma su ne mafi yawan abin da mutanenka ke kallo. Duk bidiyon da ya bi ta IPv6 bai bi ta na'urar CGNAT ba, sai nauyinta ya ragu. IPv4 ba zai ɓace gobe ba, dole ka tafi da su biyun tare. Cikas ɗin yana wuri biyu: mai ba ka layi ya ɗauke maka IPv6 ɗin, sannan ƴan na'urorin wifi masu arha da ake shigowa da su ta Ɗan Isa ba duka ke jin sa ba. Kafin ka sayi kwali guda, ɗauki ɗaya ka gwada a shago.