Dirowa da laima daga ƙananan jirage masu inji ɗaya

Dirowa da laima wasa ne da mutum ke fitowa daga jirgin sama yana cikin tafiya, ya faɗo a sarari na wasu daƙiƙu ba abin da ke riƙe da shi, sannan ya buɗe laimar da ya goya ta sauke shi ƙasa sannu a hankali. A nan Maraɗi an fi sanin abin ta wajen sojojin laima da kuma bidiyon da ake gani a waya, amma a ƙasashe da dama wasa ne na fararen hula, yana da ƙungiyoyinsa da makarantunsa. Yawancin waɗannan makarantu da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya suka fara, da yawansu kuma har yanzu da shi suke aiki.

Tarihi

Laima ta girmi jirgin sama. André-Jacques Garnerin ya sauko da ita daga balan-balan a birnin Paris ran 22 ga Oktoba 1797. A ranar 1 ga Maris 1912 Albert Berry ya diro daga jirgi mai inji kusa da St. Louis a Amurka, a 1919 kuma Leslie Irvin ya faɗo a sarari kafin ya ja igiyar buɗewa da hannunsa, ko da yake ya karye a idon sawu wajen sauka. Gasar duniya ta farko an yi ta a Bled, cikin tsohuwar Yugoslabiya, a 1951. Laimar yanzu mai kusurwa huɗu, wadda iska ke cikawa ta zama fiffike, ta samo asali ne daga ƙirar Domina Jalbert ta shekarun 1960. Ita ce ta ba mai dirowa damar sarrafa tafiyarsa ya sauka inda ya nufa.

Jiragen

Wanda ya fi shahara shi ne Cessna 182, wanda aka fara ƙerawa a 1956. Injinsa na da ƙarfin doki 230, yana ɗaukar matuƙi da masu dirowa huɗu. Fiffikensa a sama yake, saboda haka wanda ya fito ba ya cin karo da shi. Kafin a sa shi aikin, sai a cire kujeru a bar ta matuƙi kaɗai, a sauya ƙofar dama da wadda ke ɗagawa sama, a kafa matakala a bisa taya. Mutane kan zauna a ƙasa a matse, gwiwa da gwiwa, kowa da bel ɗinsa. Da cikakken lodi, jirgin kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kai mita 3,000.

Cessna 206 ya ɗan fi shi girma, yana ɗaukar biyar ko shida. Sai masu injin tabain da ke shan kalanzir ɗin jirgi: Pilatus PC-6 na Suwizalan, wanda ƙungiyoyin Faransa suka daɗe suna amfani da shi, yana ɗaukar mutum goma, da Cessna 208 Caravan mai ɗaukar sama da goma sha biyar. Waɗannan kan kai mita 4,000 cikin ɗan lokaci, amma sayensu da gyaransu sun fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuwa, Antonov An-2 mai fiffike hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1947, shi ne ya horar da ɗimbin masu dirowa.

Yadda ake dirowa

Idan an kai tsayin da ake so, matuƙi ya kan fuskanci iska, ya rage gudu, sannan a buɗe ƙofa. Mafi ƙwarewa cikin masu dirowa ya leƙa ƙasa ya tabbatar da wurin fita, domin iska za ta kwashi laima bayan ta buɗe, dole a fita ta gefen da iskar ke busowa. A Cessna 182 mutum ya kan ɗora ƙafa kan matakala, ya kama sandar da ke tallafe da fiffike da hannu biyu, iskar farfela na dukan fuskarsa, sannan ya saki ya bankare ƙirji, ciki na kallon ƙasa.

Cikin daƙiƙa goma sha biyu ko makamancin haka gudunsa ya kai wajen kilomita 200 a awa, daga nan ba ya ƙaruwa saboda turjiyar iska ta yi daidai da nauyinsa. Daga mita 3,000 faɗuwar kan ɗauki kusan daƙiƙa 30, daga mita 4,000 kuma ta kusa minti guda. Ƙwararru na buɗe laima a wajen mita 1,000. Sabon shiga da aka ɗaure shi a ƙirjin malami, tsarin da aka fito da shi a farkon shekarun 1980, ana buɗe masa a wajen mita 1,500. Wajen sauka ana fuskantar iska, a ja igiyoyin birki biyu ƙasa daf da taɓa ƙasa.

Kowane mai dirowa yana goye da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Idan babbar ta harɗe, ya ja mariƙi ɗaya ya sake ta, ya ja na biyu ya buɗe ɗayar. A Amurka doka ta tilasta wa ƙwararre mai lasisi ya warware ta ko-ta-kwana ya sake naɗe ta duk kwana 180. Akwai kuma na'ura mai buɗe ta da kanta, irin CYPRES da kamfanin Airtec na Jamus ya fitar a 1991: idan mutum ya kai wajen mita 225 yana gudu fiye da mita 35 a daƙiƙa, sai ta yanke zaren da ke rufe jakar.

Haɗari

Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka ta ƙidaya mutuwar mutum 10 cikin dirowa miliyan 3.65 a 2023. Kaso mai yawa na mace-macen shekarun nan sun faru ne laima na buɗe lafiya lau, mutum ya yi kwana mai kaifi kusa da ƙasa.

Jirgin kansa ma yana da nasa haɗarin, kuma wannan ɓangaren bai samun kulawar da ta dace. Inji ɗaya ne, idan ya mutu jim kaɗan bayan tashi babu tsayin da za a diro, sai dai a sauka da jirgin, shi ya sa ɗaura bel a lokacin tashi ba abin wasa ba ne. Idan mutane suka taru a baya, nauyi ya karkata, jirgin na iya rasa iskar da ke ɗauke da shi. Laimar da ta ɓalle a bakin ƙofa tana iya fizge mai ita ta buga shi da wutsiya, don haka matuƙin ma kan goya laima.

Yanayin Maraɗi

Maraɗi na da filin jirgin sama, ƙasarta kuma shimfiɗaɗɗiya ce, amma yanayi ke da ta cewa. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa abin dogaro, jirgin ya yi ta fama kamar motar ƴan kasuwa da aka yi wa lodi fiye da kima a kan hanyar Jibiya. Laima ma ta fi saurin sauka a irin wannan iska. Da hunturu hazo ne matsala, domin ba a fita sai ana ganin ƙasa. Da damina hadari kan taso da guguwa cikin ƙanƙanen lokaci, alhali a ƙa'idar Amurka ɗalibi ba ya dirowa idan iskar ƙasa ta wuce kilomita 22 a awa. A sama kuwa sanyi ne: zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 duk mita 1,000, saboda haka wanda ya tashi cikin digiri 38 zai tarar da ƙasa da 20 a bakin ƙofa a mita 3,000. Sai batun mai. Ƙananan Cessna fetur na musamman suke sha, wanda ke da wuyar samu a Afirka ta Yamma, kalanzir ɗin da Caravan ke sha kuwa ana samunsa a manyan filayen jirgi.