Waiwaye: daga ruwan jiki huɗu zuwa haruffa huɗu

Tun tana ƙarama aka laƙaba wa ƙanwata suna miskila. In an yi baƙi sai ta durƙusa ta gaishe su, ta sulale ɗaki wurin littafinta, a bi ta da cewa girman kai ne. Kwanan baya ta turo mini sakamakon wani gwajin hali da ta yi a intanet, haruffa huɗu, INFJ, wato sunan rukunin halin da gwajin ya sa ta, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, ashe ba ni kaɗai ba ce." Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi sawun abin.

Kasa mutane gida-gida ba yau aka fara ba. A ƙarni na 2 na Miladiyya, likita Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, ya jingina hali ga ruwan jiki huɗu: jini, majina, rawayan madaci da baƙin madaci. Wanda jini ya rinjaye shi mai faran-faran ne, na rawayan madaci kuwa kusa yake da wuya. Ibn Sina, da ya rasu a 1037, ya faɗaɗa batun a littafinsa al-Ƙanun, kuma ta littattafan ɗibbu lissafin zafi, sanyi, danshi da bushewa ya iso zauren malamanmu.

A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya raba mai samun kuzari cikin jama'a da mai samunsa a kaɗaici. Amma waɗanda suka ɗora a kan aikinsa suka ƙirƙiro haruffan nan, wato gwajin Myers-Briggs, uwa ce da 'yarta a Amurka, kuma babu wadda ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam. Katharine Briggs ta lura Clarence Myers, saurayin 'yarta Isabel, tunaninsa ya sha bamban da na gidansu. Ba ta tsangwame shi ba, sai ta shiga nazarin dalili. Wannan wurin ne ya fi burge ni a tarihin duka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Isabel ta mayar da nazarin tambayoyi, don matan da suka fita aiki su dace da abin da zai karɓe su. Littafin jagorar gwajin ya fito a 1962, da rukuni 16, kowane harafi zaɓi ne tsakanin halaye biyu.

Masana sun daɗe suna ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Mutane da yawa in suka maimaita gwajin bayan 'yan makonni sai harafi ya canza, domin galibinmu a tsakiya muke, gwajin kuwa dole ya tura ka dama ko hagu. Jung kansa ya ce babu wanda yake tsantsar ɗaya ɓangaren. Shi ya sa masu bincike suka fi karkata ga ma'aunin halaye biyar, wanda ya samo tushe daga aikin masana halayyar ɗan Adam Allport da Odbert na 1936, da suka tsamo kalmomin hali kusan 18,000 daga ƙamus. Shi awo yake yi, ya ce kana da kaza daidai kaza, ba ya sa ka a akwati.

Na faɗa wa ƙanwata duk wannan, har da cewa masu gwajin haruffa huɗun da kansu sun hana a ɗauki ma'aikaci ko a ƙi shi da shi. Ta ce ta ji. Sai ta roƙe ni in karanta wa Umma bayanin mutanen da hayaniya ke gajiyar da su, kafin bikin da za a yi a gidanmu bayan salla.